Faɗin maganar wani da bakinka: ina iyakar sata, ina iyakar ƙage?

Wani ɗalibi da ke rubuta kundinsa na kammala digiri a nan Damagaram ya aiko mini da tambaya, ga kuma abin da ta ƙunsa a taƙaice. Malamin da ke duba aikinsa ya mayar masa da babi na biyu, ya ce ya kwashi rubutun wani ya mai da shi nasa, alhali shi a ganinsa babu kalmar da bai canza ba. A makon nan kuma ya koma wurin wani dattijo a unguwar Birni wanda ya yi hira da shi kan tarihin unguwarsu, ya karanta masa abin da ya rubuta da sunansa, sai dattijon ya girgiza kai ya ce shi bai faɗi haka ba. Tambayarsa ita ce: yaya mutum zai faɗi maganar wani da kalmomin kansa, ba a kira shi ɓarawo ba, mai maganar kuma bai ce an yi masa ƙage ba?

Ɗana, na yi shekaru ina aikin tafinta tsakanin Hausa da Faransanci, daga baya na koma fassara labarai a gidan rediyo, saboda haka abubuwan nan biyu da suka same ka duk sun taɓa samuna, kuma na biyun ya fi ciwo. Abin da zan fara gaya maka shi ne, cuta guda ce ta ɓullo maka ta wuri biyu. Kowace magana tana tafe da abu uku: lafazinta, wato kalmomin da aka faɗe ta da su da yadda aka jera su, ma'anarta, tare da nauyin da mai ita ya ɗora mata, sai kuma mai ita. Wanda zai sake faɗinta, na farkon kaɗai aka yarje masa ya taɓa. Da ka zo kan littafin, ka riƙe ƙashin lafazin ka yar da sunan mai shi. Da ka zo kan dattijon, ka riƙe sunansa ka sauya masa ma'ana. A wuraren biyu duka, alƙalaminka ne ya riga fahimtarka isa.

Wannan mas'ala tsohuwa ce a wurinmu, domin malaman hadisi sun yi ta tattauna ta fiye da shekara dubu da suka wuce, a ƙarƙashin abin da suke kira riwaya da ma'ana. A Basra an yi manyan tabi'ai biyu da suka rasu a shekara guda, 110 bayan Hijira, kowanne da hanyarsa. Muhammadu ɗan Sirin yana tsayawa a kan lafazin da ya ji, harafi da harafi, Hasanul Basari kuwa yana ganin babu laifi a kawo hadisi da ma'anarsa muddin an dace da ita. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, an san shi da tsanantawa idan maganar Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kuma sassautawa idan maganar wani ce daban. Mafi yawan malamai sun halatta riwaya da ma'ana, amma sun gindaya mata sharaɗi mai nauyi: mai riwayar ya kasance masanin harshen ne sosai, wanda ya san abin da ke karkatar da ma'ana da abin da ba ya karkatar da ita. Wanda bai kai wannan matsayi ba, wajibi ne ya kawo lafazin yadda ya ji shi. Ka lura da wannan sharaɗin da kyau, domin ya juya abin da ɗalibai suka ɗauka. Su a ganinsu canza kalmomi shi ne aiki mai sauƙi da mutum yake fakewa da shi idan bai gane nassi ba, alhali magabata sun keɓe shi ga wanda ya fi kowa ganewa.

Sun kuma bar mana ladabi biyu da za su yi maka amfani a kundinka. Na farko, sahabi Anas ɗan Malik idan ya gama faɗin hadisi yakan rufe da "au kama ƙala", wato "ko kuwa kamar yadda ya faɗa", domin mai sauraro ya san cewa wataƙila kalmomin ba su ne ainihin waɗanda aka furta ba. Har gobe kana jin malamanmu na zaure suna rufe magana da haka, kuma da yawa cikin masu sauraro sun ɗauke ta ado ne na baki, alhali sanarwa ce ta gaskiya. Na biyu yana cikin hadisin Bara'u ɗan Azib da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi ya koya masa addu'ar kwanciya barci. Da Bara'u ya zo maimaitawa don ya haddace, sai ya ce "da Manzonka wanda ka aiko" a gurbin "da Annabinka wanda ka aiko", nan take aka gyara masa, aka mayar da shi ga lafazin farko. Kalmomin biyu mutum ɗaya suke nufi, duk da haka ba a yarda a musanya su ba. Daga baya Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, ya ƙara da cewa abin da aka riga aka tsara a cikin littafi babu mai ikon canza lafazinsa ya sa wani a gurbinsa. Wannan ita ce ƙa'idar alamar zance da ake koya muku a jami'a: da zarar ka buɗe ta, ka ce wa mai karatu ga bakin mutumin, don haka ko waƙafi ba naka ba ne.

Bari mu gwada da misali daga tarihin garinmu. Jimlar nan ni na shirya ta don wannan bayani, amma ka ɗauka a littafi ka same ta: "A 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu na Nijar daga Damagaram suka mayar da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwan sha na cikin dalilan da marubuta suka fi ambatawa."

Abin da nake kyautata zaton ka yi a babinka na biyu shi ne irin wannan: "A 1926 Turawan Faransa suka janye cibiyar gwamnatinsu ta Nijar daga Zinder suka kai ta Yamai, kuma rashin wadatar ruwa na daga cikin hujjojin da masana suka fi kawowa." Ka duba, kusan kowace kalma ta canza, amma jimlar tana nan yadda take: ta fara da shekara, ta bi da wanda ya yi aikin, ta kawo garuruwan biyu a jere ɗaya, ta rufe da dalili a wuri ɗaya. Rigar mutum ce ka kai marina aka rina ta, ɗinkin da aikin wuyan suna nan, mai ita kuwa ko daga nesa ya hango ta zai gane abarsa. Malaminka ya karanta littattafan nan tun kafin ka shiga lakwal, shi ya sa ya gane. Kuma ko da ka sa sunan marubucin a ƙarshe, wannan salo bai fita daga zargi ba, domin ka nuna wa mai karatu cewa ginin jimlar naka ne alhali aro ka yi.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda yake kama da ƙwarewa saboda gajarta: "Marubucin ya ce rashin ruwa ne ya sa Faransawa suka bar Damagaram a 1926." Wannan jimla ta tsira daga sata, amma ta yi wa marubucin ƙage har sau uku. Shi ya ce ruwa na cikin dalilai, kai ka mai da shi dalilin kaɗai. Shi ya ba da labarin abin da wasu marubuta suke ambatawa, kai ka mai da shi ra'ayinsa na kansa. Shi ya ce an ɗauke hedikwata, kai ka ce sun bar garin, alhali mulkinsu ya ci gaba a nan har zuwa samun ƴancin kai a 1960. Babu ko ɗaya cikin ukun da aka yi da mugun nufi. Gaggawar taƙaitawa ce kawai, kuma a nan ne mafi yawan masu fassarar labarai suke zamewa, domin kalmomin da suka fi saurin faɗuwa idan ana rage jimla su ne ƙananan nan masu rage ƙarfin magana: "na cikin", "wasu", "galibi", "wataƙila", "a wancan lokacin", "in ban da".

Ga yadda zan faɗe ta da ni ne: "Damagaram ta rasa matsayinta na babban birnin mulkin mallaka a 1926, lokacin da aka fifita Yamai a kanta. Marubucin bai tsayar da dalili guda ba. Abin da ya nuna shi ne, waɗanda suka yi rubutu kan lamarin sun fi yawan komawa ga matsalar ruwa." Sannan in sa sunansa da shekarar bugu da shafi. Na fara daga Damagaram domin kundina a kan Damagaram yake, na raba jimlar gida uku, na bar shekara da sunayen garuruwa yadda suke domin waɗannan ba su da madadi, na kuma fito da taka-tsantsan ɗin marubucin fili maimakon in haɗiye shi.

Hanyar isa ga irin wannan ba ta da wani sirri, sai dai tana cin lokaci. Ka karanta sakin layin har sai ka iya amsa wa kanka tambaya biyu: me mutumin nan yake son in yarda da shi, kuma da wace hujja? Daga nan ka rufe littafin, ka kife wayar, ka faɗi abin da baki kamar kana yi wa ƙanenka ɗan kwaleji bayani a tsakar gida. Idan ka kasa faɗinsa ba tare da leƙawa ba, to ba ka gane shi ba tukuna, kuma babu ƙamus ɗin da zai cece ka. Idan ka iya, ka rubuta abin da ka faɗa, sai a sannan ka buɗe littafin ka gwada su gefe da gefe. A wannan gwajin abin da kake nema shi ne lambobi da sunaye, da duk wata "ba" ta korewa, da ƙananan kalmomin nan da na ambata, da kuma duk wata jimla da ta maƙale maka a ka ta fito da siffarta ta asali. Wadda ta maƙale, ko ka sake gina ta, ko ka bar ta yadda take ka sa mata alamar zance. Wani lokaci na biyun ya fi, domin akwai maganar da mai ita ya riga ya faɗe ta ta hanyar da ba za ka fi shi ba.

Yanzu bari mu zo kan dattijonka, wanda shi ne ya fi damuna. Ba ka gaya mini abin da ya faɗa da abin da ka rubuta ba, amma na ga irin wannan sau da yawa har ina iya kintata. Tsoho zai ce maka: "Mu dai mun taso mun ji iyayenmu suna cewa rijiyar nan tun zamanin Tanimun take." Kai kuma ka koma ɗaki ka rubuta: "Dattijon ya tabbatar da cewa Sarkin Damagaram Tanimun ne ya haƙa rijiyar." A ganinka gyara masa Hausa ka yi, ka mai da ita ta ilimi. Shi kuwa da ya ce "mu dai mun taso mun ji", ya zare hannunsa ne daga shaida, ya nuna maka cewa abin gado ne na baki, bai gani da idonsa ba. Da ya ce "tun zamanin Tanimun", lokaci ya ba ka, bai ce ga wanda ya sa aka haƙa ba. Ka mai da mai ji ya zama mai shaida, a kan maganar da ta shafi gidan sarauta, a unguwar da kowa ya san kowa. Dole ya ce bai faɗa ba, kuma gaskiyarsa ce.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, ina sabon shiga aikin tafinta. Shari'a ce ta satar rago, aka kira wata mata maƙwabciya ta ba da shaida. Ta tsaya ta rufe rabin fuskarta da mayafi, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce: "Na ji motsi cikin dare, na leƙa ta kan katanga, sai na ga wani mai tsawonsa yana fita da rago." Ni kuma, ga zafi ga cunkoso ga wasu shari'u suna jira, na juya na faɗa da Faransanci cewa ta gan shi yana fita da ragon. Magatakarda har ya fara rubutawa, sai wani saurayi daga bayan ɗakin, ƙanen wanda ake tuhuma, wanda ya yi lakwal, ya miƙe ya ce a yi masa gafara, matar ba ta ce shi ba ne, cewa ta yi mai tsawonsa. Alƙali ya sa aka sake tambayarta, ta maimaita kalmominta daidai yadda ta faɗe su da farko. Kalma uku na zubar, "wani" da "mai tsawonsa", kuma da yaron nan bai zo kotu ran nan ba, da shaidar da matar ba ta bayar ba ce za ta shiga takarda da sunanta. Tun daga ranar, idan shaida ya yi magana nakan tambayi kaina kafin in buɗe baki: gani ya yi, ji ya yi, ko zato yake yi?

Hausa ta tanadar mana kayan aikin bambance waɗannan, sai dai muna wasa da su. "In ji wane" da "a cewar wane" suna miƙa magana ga mai ita ba tare da sun yi mata hukunci ba. "Wai" kuwa takan zo da ɗan ja da baya: idan ka ce "ya ce ya biya", labari ka bayar, amma idan ka ce "wai ya biya", mai sauraro zai ji kamar kana shakka. Saboda haka kada ka sa "wai" a maganar da ba ka da dalilin shakkarta, kada kuma ka cire ta daga maganar da mai ita ya sa ta. Ku da kuke karanta jaridun Faransanci, ku sani cewa idan ɗan jarida ya rubuta "aurait" a gaban aikatau, "wai" ɗinsu ke nan, yana nufin labarin bai tabbata ba, kuma na sha jin an fassara shi a rediyo kamar abin da ya riga ya auku. Haka nan aikatau ɗin da kake gabatar da magana da shi hukunci ne a ɓoye. "Ya ce" ba ta da ɓangare. "Ya tabbatar" tana nufin kai ma ka yarda. "Ya yi iƙirari" tana nufin ba ka yarda ba. "Ya amsa cewa" tana sa mutum ya zama kamar mai laifin da aka matsa wa. Ɗalibai suna jujjuya waɗannan don gudun maimaita "ya ce", ba su san cewa kowace juyawa tana canza matsayin mutumin a idon mai karatu ba. Gara ka maimaita "ya ce" sau goma a shafi da ka sa wa bawan Allah "ya amsa" a inda ba a tuhume shi da komai ba.

Akwai kuma ƙananan tarkuna da suka shafi nahawu da lissafi. Idan mutum ya ce "zan kawo gobe", kai kuma kana rubutawa bayan wata uku, "gobe" ɗinsa ta zama "washegari". Idan ka rubuta "ya gaya wa ɗan'uwansa cewa shi ne ya ci bashin", mai karatu bai san ko wane "shi" ba ne, sai ka ambaci sunan. Idan kana sauraren hirar da ka naɗa, ka kasa kunne ga "na zo", domin da karin murya ɗaya tana nufin zuwan ya riga ya faru, da wani karin kuma alkawari ne mai rauni na nan gaba, rubutunmu na yau da kullum kuwa ba ya nuna bambancin. Kuɗi ma haka: tsoho ya ce "dala ɗari", sefa 500 yake nufi, domin dala ɗaya tamma biyar ce, kuma na ga takardar da aka rubuta 100 a irin wannan wuri.

Abin da ya fi waɗannan duka wuya shi ne maganar da bakinta daban, cikinta daban, wadda Bahaushe ya ƙware a kai. Ka taya kaya a kasuwar Dole, mai kaya ya ce "albarka", kowa ya san bai sallama ba. Ka kai wa dattijo buƙata ya ce "to, na ji", bai ce ya yarda ba. Uban yarinya ya ce "sai na yi shawara", wani lokaci shawarar ce da gaske, wani lokaci kuwa ƙi ne da aka lulluɓe don kada a kunyata masu nema. Idan ka rubuta "ya amince" a inda ya ce "na ji", ka ɗaure shi da igiyar da bai ɗaura wa kansa ba. Idan ka rubuta "ya ƙi" a inda ya ce "sai na yi shawara", wataƙila ka fahimce shi daidai, amma ka yaye masa rufin da ya yi da gangan, kuma yana da ikon ya ce bai faɗa ba. Mafita ita ce ka raba aikin biyu: ka kawo abin da ya faɗa a matsayin nasa, sannan ka kawo abin da ka fahimta a matsayin naka, da kalmomi irin su "abin da na fahimta daga wannan" ko "a al'adar wurin, irin wannan amsa takan nuna".

Na san za ka ce ai a gidajenmu ana yabon ɗan aiken da ya iya gyara saƙo. Gaskiya ne. Surukai biyu sun yi zafi, ɗaya ya aiko da magana mai ƙuna, dattijon da aka aika ya sauke ta a hanya ya isar da mai sanyi, aure ya tsira, kowa ya sa masa albarka. Haka sanƙira a wurin ɗaurin aure yakan ɗauki ƴar gajeriyar magana da waliyyi ya faɗa a hankali ya ɗaga ta sama ya yi mata kwalliya. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, kuma kowa a wurin ya san ƙa'idarsu, ya san akwai gishirin da aka ƙara ko aka rage. Mai karanta kundinka bai ba ka wannan izini ba. Shi ya ɗauka abin da ka jingina wa mutum shi ne abin da mutumin ya nufa, da zafinsa da sanyinsa.

Wasu maganganun ma ba a sake musu riga ko kaɗan. Lafazin saki na cikinsu, shi ya sa alƙali ko malami yake dagewa a gaya masa abin da mijin ya furta da bakinsa, domin a fikihu "na sake ki" da "tafi gidanku" ba hukuncinsu ɗaya ba, na farkon bayyananne ne, na biyun kuwa sai an bincika abin da ya nufa. Haka rantsuwa, da wasiyya, da sharuɗɗan ciniki, da ayar doka. Haka kuma karin magana da kirari da baitin waƙa, waɗanda ƙarfinsu a jikin kalmominsu yake. Idan dattijonka ya ce "magana zarar bunu ce", ka kawo ta haka, sannan ka yi bayani idan da buƙata. Idan kuma ka kawo maganarsa cikin alamar zance, ka bar masa Damagarancinsa yadda ya furta shi, kada ka goge shi ka mai da shi Hausar littafi. A wurin da kake faɗi da bakinka ne kake da ikon bin daidaitacciyar Hausa.

Saura batun iyaka, wato inda maganarsa ta ƙare taka ta fara. Ka tuna zaman tafsiri a watan azumi: mai jan baƙi ya ja aya da muryarsa, malam ya fassara ya yi sharhi da tasa, ko yaro ƙarami ya san wanne ne nassi wanne ne bayani, saboda muryoyin biyu ne. A takarda murya ɗaya gare ka, don haka dole ka gina iyakar da kalmomi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya buɗe sakin layi da "a cewar wane", ya yi jimla biyu na marubucin, ya zarce da uku nasa, ya rufe da lambar shafi, mai karatu ya ɗauka duka biyar ɗin na marubucin ne. Ko kuma akasin haka, ya ambaci sunan sau ɗaya a farkon babi, ya yi shafi huɗu yana tafiya a kan tunanin mutumin kamar nasa. Duk inda ka sauka daga maganarsa, ka sanar: "a nan marubucin ya tsaya", "ni kuwa a nawa ganin". Duk inda ka koma kanta, ka sake kiran sunansa.

Abu biyu kuma a gurguje, tunda na san ana yin su. Fassara daga Faransanci ko Larabci zuwa Hausa ba ta mai da tunanin wani ya zama naka, ko da kowace kalmar Hausar kai ka zaɓe ta, saboda haka sunan mai shi yana nan wajibi, kuma ya kamata ka nuna cewa fassarar taka ce. Manhajojin kwamfuta da ke jujjuya rubutu kuwa, aikin marinar nan suke yi da sauri, kuma su ma sukan zubar da "wataƙila" da "wasu" kamar yadda na zubar da "mai tsawonsa", sai dai ranar kare kundi kai za a tambaya.

Game da babinka na biyu, kada ka tsaya gyaran kalma-kalma, domin ƙashin jimlolin zai ci gaba da leƙowa. Ka ajiye shi gefe, ka koma kan littattafan da ƴar takarda, ka rubuta abin da kowane marubuci yake nufi cikin layi biyu ko uku tare da lambar shafi, sannan ka sake rubuta babin daga waɗannan ƴan takardun, littattafan suna rufe. Game da dattijon kuwa, ka fara sauraren hirar da ka naɗa, ka rubuta kalmominsa yadda suke, ka gano inda ka ƙara masa nauyi. Sannan ka sayi goro ka koma Birni bayan la'asar, ka gaishe shi, ka ce masa: "Baba, na gane inda na yi kuskure, ga yadda na gyara." Ka karanta masa a hankali, jimla-jimla, kana dakatawa. Idan ya gyara maka, ka rubuta gyaran a gabansa. Idan kuma ka ga abin da yake musantawa yana nan cikin muryarsa da ka naɗa, kada ka kunna masa don ka kayar da shi a gaban mutanensa. Mai yiwuwa ya faɗa ne a matsayin hira tsakaninku, bai san za ta shiga takarda da sunansa ba. A irin wannan hali sai ka tambaye shi ko ya yarda a kawo maganar ba tare da sunansa ba, ka kuma sanar da malaminka abin da kuka tsayar kafin ka miƙa babin.